Amsar tambayarki kan Ladi Kwali da ginin tukwane

Amaryata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya karatu? Saƙonki ya iso. Kin ce a darasinku na masu fasaha na zamanin Turawa an kawo Ladi Kwali, matar nan ta bayan naira ashirin, har gardama ta kaure a ajinku. Wasu sun ce Bature ne ya koya mata gini, wasu kuma sun ce ginin tukwane a al'ada aikin mata ne kaɗai, shi ya sa ba a san sunan kowa ba. Kina son jin ta bakin tsoho. To, gyara zama.

A ƙasar Hausa akwai garuruwan da maza ne magina, akwai inda mata ne. A wurin Gwarawa, mutanen Ladi, sana'ar mata ce, yarinya na tashi a cikinta tana kallon manya. Ita ma a hannun wata 'yar'uwar iyayenta ta koya, a garin Kwali, inda aka haife ta wajen 1925.

Da kin ga yadda suke gini, da ba ki saurari masu cewa Bature ya koya mata ba. Maginiya za ta ajiye curin yumɓu, ta nutsa hannu a tsakiyarsa, tana jawo gefen sama tana zagaya shi. Tukunyar na zaune wuri ɗaya, ita ce ke kewayawa. Ta murza yumɓu ya yi tsawo, ta ɗora, ta shafe, har randa ta yi ciki ta yi wuya. Kafin ta bushe sai a karce mata ado: kunama, ƙadangare, kada, hawainiya, kifi, maciji. Gashi kuwa a fili ake yi, da itace da busasshiyar ciyawa, tana fitowa da zafinta a yayyafa mata ruwan makuba na ɓawon ɗorawa, ta yi duhu ta yi ƙyalli.

Irin waɗannan tukwanen nata Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya tara a fadarsa, can wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya gan su a 1950, lokacin da gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauke shi ya zagaya ya duba harkar tukwane. Kin ga ke nan sarki ya riga Bature sanin darajarta. (Abujar da nake nufi ita ce Suleja ta yanzu, kada ki tafi neman fadar a Garki.) A nan Cardew ya kafa cibiyar koyar da gini, ɗalibansa na farko duk maza ne, sai a 1954 Ladi ta shiga, mace ta farko.

Ban ce bai ƙara mata komai ba, hakkinsa ne a faɗa. A wurinsa ta koyi gini a kan faifai mai juyawa, da shafa sinadarin da ke sa tukunya santsi kamar tangaran, da gashi a rufaffen murhu mai zafin da ya wuce digiri 1200. Shi ya kai aikinta nuni a Landan a 1958, suka kuma zagaya Amurka tare a 1972. Amma randunan da suka fito da sunanta da hannu ta ci gaba da gina su, irin ginin Kwali, da kunamominta da ƙadangarunta.

Ga inda nake so ki tsaya ki yi tunani, don nan ne al'ada ta sauya. Randar gida tana tsatsafo, wannan gumin da take yi shi ke sanyaya ruwa. Wadda aka shafe aka gasa a murhun cibiya ba ta gumi, ga nauyi, ba macen da za ta ɗauka zuwa rafi, ga tsadar da ta fi ƙarfin matar ƙauye. Siffar randa tana nan, aikin randa ya tafi. Ta koma abin ajiyewa a falo da gidan tarihi. Ni a ganina riba ce ga Ladi, wadda ta samu albashi da suna har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, amma ba abin da ya ƙara wa matar da ke neman ruwan sanyi a bazara.

Batun suna kuma, 'yan ajinku sun yi kuskure. An san magina sarai. Mai saye a kasuwa za ta ƙwanƙwasa tukunya ta ji amonta, ta dubi baki da ado, ta ce wannan hannun wance ne. Ba a buƙatar rubutu tunda mai gini da mai saye ƙasarsu ɗaya. Da kaya suka fara ƙetare teku zuwa hannun wanda bai san Kwali ba, sai hatimi ya zama dole, aka riƙa buga LK, haruffan farko na sunanta, a gindin tukwanenta. Bayanta wasu mata sun shiga cibiyar, irin su Halima Audu da Asibi Ido da Kande Ushafa, ki sa su a rubutunki don ba a cika ambatonsu ba. Ladi ta rasu a Minna a 1984.

Ki gaishe da mamanki da ƙannenki. In kin gama rubutun ki turo mini in gani kafin ki miƙa wa malaminku.

Kakanki