Amsa ga 'yata game da dokokin Zumuntar Mata

'Yata, saƙonki ya iso ni. Kin ce tun da kika shiga Zumuntar Matan Ekklesiya bayan aurenki ana cin tararki idan kin makara, ana sa ki sharar majami'a, an kuma hana ki zuwa taro da leshi sai da zanen zumunta, alhali shugabarku ko firamare ba ta gama ba, ke kuwa kina da digiri. Kina so ki san ko wannan son mulki ne na tsofaffi ko kuwa yana da tushe.

Yana da tushe, kuma tushen ya girme ni. Ekklesiyar 'Yan'uwa, wadda ta soma a Garkida a 1923 lokacin da 'yan mishan Stover Kulp da Albert Helser suka yi sujadar farko a gindin tsamiya, ta riƙe wankin ƙafafu bisa ga abin da Ubangiji Yesu ya yi wa almajiransa a Linjilar Yohanna sura 13. Ki lura cewa ba a bar wa kowa ya zaɓi ƙafar da zai wanke ba. Wadda ke kusa da ke ita ce rabonki, ko da ƙafarta ta tsattsage da faso saboda aikin gona. Bitrus ma, ɗaya daga cikin almajiran, da farko ƙi ya yi, domin miƙa ƙafa a wanke ya fi wankewa wuya ga mai jin kansa. Tawali'un da mutum ya zaɓar wa kansa lokaci da wuri ba ya da wuyar yi. Dokar zumunta ce take ɗauke wannan zaɓi daga hannunmu.

Haka batun zanen yake. Idan muka jeru muna waƙa da tulu da caki, ba a gane matar kwamishina daga mai sayar da ƙosai, kuma gwauruwar da ba ta da kayan fita biyu ba ta jin kunyar tsayawa a sahun gaba. Ni kaina, in faɗa miki gaskiya, na yi shekara guda ina gunaguni a kan launinsa. Sai a 2014, da 'yan Boko Haram suka mamaye Mubi da hedkwatarmu ta Kwarhi muka watse, na ga amfaninsa, domin a inda muka yi gudun hijira da wannan zane muka riƙa gane juna, matan da ban taɓa gani ba suka ba ni tabarma da tuwo.

Game da shugabarku, biyayyar da kike yi ba ga karatunta ba ce, ga ƙa'idar da kuka amince da ita tare ce, kuma ita ma ƙa'idar ta ɗaure ta: idan ta makara, ta biya tara, idan wa'adinta ya cika, ta sauka. Amma kada ki ɗauka biyayya tana nufin kame baki. Idan kin ga ana yafe wa wasu tara saboda matsayin mazajensu, ko ma'aji ba ta karanta lissafin kuɗi a gaban kowa, ki fara samun shugabar ita kaɗai cikin ladabi, idan ba a gyara ba ki kawo maganar a taro, ba a bayan fage ba.

Digirinki kuwa ba zai ruɓe ba. Wata rana za su nemi mai rubuta rahoton taro, kuma wadda suka saba gani da tsintsiya za su fara tunawa. Ki gaishe mini da maigidanki.

Goggonki