Yarana Sun Ce Suna Motsa Jiki, Ni Kuwa Ban Gani Ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ɗa mai shekara 15 da ’ya mai shekara 13. Duk lokacin da na yi musu faɗa kan yawan zama da waya, sai yaron ya ce ai yana buga ƙwallo duk ranar Asabar, yarinyar kuma ta ce aikin gida ya ishe ta. Shin gaskiyarsu ce, ko ni ce nake takura musu? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ba ƙarya yaranki suke yi miki ba, sai dai awon da suke yi wa kansu ne bai cika ba. Masu bincike sun daɗe da lura cewa idan aka tambayi matasa yawan motsa jikin da suke yi, sannan aka ɗaura musu na’urar auna motsi, abin da suka faɗa yakan zarce abin da na’urar ta nuna. Yaron da ya tafi fili bayan la’asar ya dawo da magariba zai lissafa wa kansa awa biyu, alhali wani kaso na lokacin ya tafi wajen jiran a raba ’yan wasa, da hira, da tsayuwa a bakin fili. Kuma ranar da ya sha gudu ita ke zauna masa a rai, ya manta da sauran kwanakin da ya wuni a zaune.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa yara daga shekara 5 zuwa 17 su riƙa samun aƙalla minti 60 na motsa jiki mai ɗaga numfashi a kullum. A wani bincike da ta fitar a 2019 kan ɗalibai miliyan 1.6 daga ƙasashe 146, kashi 81 cikin ɗari ba su kai wannan ma’auni ba, kuma ’yan mata sun fi maza rauni: kashi 85 na ’yan mata, kashi 78 na maza. Ƙwallon Asabar kaɗai ba zai cike gurbin mako guda ba.

Batun yarinyar ya fi damuna, domin ita ce aka fi saurin yi wa uzuri. Daka da ɗibar ruwa da shara mai yawa motsa jiki ne na gaske, amma wanke-wanke a zaune da tsintar shinkafa ba sa ɗaga bugun zuciya, ko da sun gajiyar da ita. Gumi ma ba hujja ba ne a zafin Afrilu. Ki koya musu su duba numfashinsu: idan suna iya magana amma ba sa iya rera waƙa, to aikin ya shiga lissafi.

Ki sa su rubuta mintocin da suka yi a wannan hali na tsawon mako guda, su gani da idonsu. Idan makaranta tana kusa kuma hanya da aminci, su riƙa zuwa a ƙasa, yarinyar kuma ki saya mata igiyar tsalle, tunda tsakar gida ta wadatar.