Ciwon da ke farawa daga babban yatsa

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Jahun. Ƙanena ɗan shekara 14 ne ba shi da lafiya. Babban yatsansa na dama ke fara motsi shi kaɗai, sai gefen bakinsa ya ɗauka, sai hannun duka ya kama jijjiga. Wani lokaci abin ya tsaya nan, yana jin maganarmu sarai. Wani lokaci kuma ya yanke jiki ya faɗi. A gida an ce iska ce ke hawa ta yatsa, har ana ɗaure masa wuyan hannu da tsumma. Na kuma ji a rediyo wai a jikin ɓeraye ake binciken wannan ciwo. Me ya haɗa ɓera da ƙanena?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba shi lafiya, ku kuma ya saka muku da jinya. Sai likita ya duba shi kafin a yanke magana, amma abin da ka kwatanta ya yi kama ƙwarai da farfaɗiyar da ke tashi daga wuri guda a ƙwaƙwalwa. Wani likita a Landan, John Hughlings Jackson, ya bayyana irin wannan hawa daki-daki tun wajen 1870.

Ba daga yatsa take tasowa ba, don haka a kwance tsummar nan, matse jini kawai take yi. A saman ƙwaƙwalwa akwai wani ɓawo mai kaurin milimita 2 zuwa 4, kuma a jikinsa kowace gaɓa tana da gurbinta a jere. Wani likitan tiyatar ƙwaƙwalwa, Wilder Penfield, ya zana wannan jeri a Kanada cikin 1937. A can, gurbin babban yatsa maƙwabcin gurbin fuska ne ta gefe ɗaya, ta ɗaya gefen kuma tafin hannu da damtse. Ka ga dalilin da ya sa abin ke tsallakawa daga yatsa zuwa baki. Tunda hannun dama ne, to a hagun ƙwaƙwalwa yake farawa, domin hagun ƙwaƙwalwa ke sarrafa ɓangaren dama na jiki.

Yanzu ga inda ɓera ya shigo. Ɓawon ƙwaƙwalwarsa hawa shida ne kamar namu, ƙwayoyin jijiyarsa kuma iri biyu ne kamar namu: masu zuga maƙwabtansu su harba lantarki, da masu tsawatarwa, waɗanda ba su wuce ɗaya cikin biyar ba, suna aiki da wani sinadari da ake kira GABA. Masu bincike kan yanko ƙwaƙwalwar siriri, bai kai rabin milimita ba, su sa cikin ruwan gishiri mai iskar numfashi, inda yankin zai yi sa'o'i da rai. Sai su zare sinadarin maganiziyam daga ruwan. Jim kaɗan lantarki mai kama da na farfaɗiya ya tashi a wani lungu. Da yake an shafa wa ƙwayoyin wani rini mai ƙyalli, ana kallon kowace ƙwaya tana haske a ƙarƙashin madubin bincike a daidai lokacin da abin ya iso kanta.

A 2006 Andrew Trevelyan da abokan aikinsa a Jami'ar Kolombiya ta Amurka suka ga wani abin da har yau yake burge ni. Lantarkin ba ya mamaye yankin gaba ɗaya. Gungu-gungu yake ci, ya tsaya, ya sake ci. Ƙwayoyin da ke gabansa suna shan zuga mai tsanani amma ba sa harbawa, domin masu tsawatarwa sun riga sun taso sun danne su. Sai waɗannan sun gaza sannan gungu na gaba ya faɗa. Ka tuna gobara a gonar da aka tara kara lokacin hunturu: mutanen gari na gabanta da ɗanyen ganye da ƙasa, tana ci tana tsayawa, in sun fi ƙarfinta ta mutu a kan iyaka, in ta fi ƙarfinsu ta shiga gari. Gudun wannan lantarki a yankin ƙwaƙwalwar ɓera bai kai milimita ɗaya a daƙiƙa ba muddin ana tare shi. In aka sa maganin da ke toshe GABA, sai ya koma gomman milimita a daƙiƙa.

Ban ce ɓera mutum ba ne, kuma ciwon da aka tayar da sinadari cikin kwano ba daidai yake da na yaro mai rai ba. Amma a 2012 Catherine Schevon da tawagarta sun auna ƙwaƙwalwar masu farfaɗiya da ake shirin yi wa tiyata, suka tarar da irin wannan tafiyar hawainiya da irin wannan tarewa. A fahimtata, ranar da abin ya tsaya wa ƙanenka a hannu, tarewar ce ta yi nasara. Ranar da ya faɗi, ta karye ne, lantarkin ya game ɓangarorin biyu.

Magungunan ma nan suke kamawa. Fenobabital, wanda ake amfani da shi tun 1912, ƙarfi yake ƙara wa GABA. Kabamazafin, da likitoci kan zaɓa wa irin wannan farfaɗiya, yana hana ƙwayoyin harbawa babu ƙaƙƙautawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 50 ke da ciwon, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa in sun samu maganin da ya dace. Abin da ke ci mini rai shi ne yawan yaran karkararmu da nake gani da tabon ƙuna a hannu, sun faɗa murhu ko tukunyar kunu, alhali ƙwayar da za ta tsare su ba ta fi ƙarfin aljihun iyayensu ba.

Ka kai shi babban asibiti, a Dutse ko Birnin Kudu, ko ka nemi a tura ku Asibitin Koyarwa na Aminu Kano don gwajin EEG, wato auna lantarkin ƙwaƙwalwa, da hoton ƙwaƙwalwa. Irin wannan farfaɗiya takan biyo bayan wani tabo: sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa kai, doguwar naƙuda, ko faɗuwa daga babur. Ka tambayi mahaifiyarku tarihinsa tun daga haihuwa. In abin ya taso, ɗauki bidiyo da wayarka tun daga motsin yatsan, domin farkon nan shi ne abin da likita ya fi buƙata. Kada a saya masa magani a kemis da ka, in kuma an ɗora shi a kai kada a yanke rana ɗaya don an ga sauƙi. Addu'a ba ta hana shan magani.

Kafin nan, ya nisanci bakin rijiya, kududdufi da hawa bishiya. In ya faɗi a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki ko a ɗura masa ruwa. Yawunsa ba ya sa wa kowa ciwon, a riƙe shi ba tsoro. Jijjigar da ta wuce minti biyar, ko ta dawo bai farfaɗo ba, a nemi abin hawa zuwa asibiti nan take.