Mayar da birkin bayan tsohon babur zuwa na diski

Ɗan'uwa, ka tambaya ko za a iya cire birkin dirom na bayan tsohon baburinka a sa diski. Ana iyawa, sai dai aikin ya wuce ɗaura faranti kawai.

Hob ɗin dirom, wato cibiyar tayar, ba shi da mazaunin diski, don haka mafi sauƙi ka nemo tayar baya sukutum daga babur ɗan gidansu mai diski, tare da kalifa (abin da ke matse diskin), masta (famfon da ke tura man birki) da tiyon mai. Ka auna kaurin shaf, wato sandar ƙarfen da taya ke juyawa a kai, ka tabbata sifoka ta yi saiti da sarƙa.

Inda nake ja maka kunne shi ne ƙarfen da ke riƙe kalifa. Duk ƙarfin birki a kansa yake sauka, kuma dole ya riƙa matsawa tare da taya idan za a ɗame sarƙa. Waldar jeka-na-yi-ka a nan ganganci ce da rai. Ka zuba man da aka rubuta a murfin masta, DOT 3 ko DOT 4, a fitar da iska tas.

Ni dai shawarata, fara gyara na gaba, shi ke ɗaukar mafi yawan nauyin tsayawa. Diskin baya in ya cika kamu, kulle taya yake yi ta zame.