Ƙwallon Jami'o'in Amurka: Wa Ke Shiga Sili-Ɗaya-Ƙwale, Wa Ake Bari a Baya?

Filin tambayoyinku na wannan fitowa ya karkata ga ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, wadda ɗaliban jami'o'in ƙasar ke bugawa daga ƙarshen Agusta zuwa Janairu. Yawancin wasiƙun da suka iso mana kan yadda ake fitar da zakara suke.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na fara kallon wasan nan ta intanet, amma na rasa inda teburinsa yake. A Firimiya kowa na karawa da kowa, mai maki mafi yawa ya ɗau kofi. A nan fa yaya ake yi? Kuma da ƙarfe nawa ake bugawa a agogonmu? (Mai karatu daga Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba ka ga tebur ba ne domin babu tebur ɗaya da ya tattara kowa. Jami'o'in da ke mataki na sama sun haura 130, kowace kuma wasa 12 kacal take bugawa kafin Disamba, don haka mafi yawansu ba sa haɗuwa da juna sam. An kasa su rukuni-rukuni. Manyan rukunai huɗu ne: Big Ten mai jami'o'i 18, ACC mai 17, sai SEC da Big 12 masu 16 kowanne. Ƙananan sun haɗa da American, Mountain West, Sun Belt, MAC da Conference USA. Notre Dame kuwa ba ta cikin kowane rukuni a wannan wasa, ita ke shirya wa kanta abokan karawa.

Kowace ƙungiya tana buga wasa 8 ko 9 da 'yan rukuninta, ragowar kuma da waɗanda ta yi yarjejeniya da su a waje, sau da yawa tun shekaru kafin lokacin. A nan rashin daidaito yake farawa: wata ta gayyato ƙaramar jami'a gida, ta biya ta kuɗi, ta lallasa ta, wata ta tafi gidan babbar ƙungiya ta sha kashi da maki uku. A takarda ta farkon ta fi, a fili kuwa ba lallai ba ne. Babu canjaras, dole a samu gwani ko da ƙarin lokaci. A makon farko na Disamba biyun da ke kan gaba a kowane babban rukuni suke buga wasan zakaran rukuni.

Shawararmu ita ce ka ɗauki rukuni ɗaya ka bi shi, kada ka ce sai ka bi duka. Duk Lahadi ka rubuta abu uku game da ƙungiyoyinsa na gaba-gaba: wa suka ci, a gida ko a waje, kuma wanda suka ci ɗin wasa nawa shi ya ci. Jerin ƙungiyoyi 25 da 'yan jarida ke fitarwa ta kamfanin dillancin labarai na AP yana da amfani, amma ba shi ke yanke hukunci ba. Jerin kwamitin da ke zaɓen ƙungiyoyin da za su shiga sili-ɗaya-ƙwale na neman kofi, wanda ake fara fitarwa ranakun Talata daga wajen farkon Nuwamba, shi ne mai magana.

Batun lokaci: Asabar ce ranar wasa. A Satumba da Oktoba, wasan tsakar rana na gabashin Amurka yana farawa da ƙarfe 5 na yamma a Najeriya da Nijar, na 3:30 ya faɗo 8:30 na dare, na 7:30 kuma 12:30 na dare. Daga Lahadin farko ta Nuwamba Amurkawa suna mayar da agogonsu baya, sai ka ƙara awa ɗaya a kan kowanne. Wanda ke Ghana ya rage awa ɗaya daga namu. Wasa ɗaya yakan ci sama da awa uku, ko da yake minti 60 ne a agogon fili.

Tambaya: An ce akwai ƙungiyar da ta ci wasanninta duka amma aka hana ta shiga neman kofi. Gaskiya ne? Su waye suke zaɓen? (Malama daga Maraɗi)

Amsa: Gaskiya ne, Malama, kuma ba sau ɗaya ba. Daga 1998 zuwa 2013 ƙungiya biyu kawai ake ɗauka su buga wasan ƙarshe, ta hanyar haɗa ƙuri'un mutane da lissafin kwamfuta. A 2004 Auburn ta gama ba a ci ta ba, aka bar ta a waje. Daga 2014 aka koma ƙungiya huɗu, aka ɗora zaɓen a wuyan kwamiti, wanda yawanci mutum 13 ne: daraktocin wasanni na jami'o'i, tsofaffin kociyoyi, tsofaffin 'yan wasa da makamantansu. A jihar Texas suke zama, ƙuri'arsu ta sirri ce, kuma wanda ke da alaƙa da wata jami'a yana fita daga ɗaki idan ana muhawara a kanta.

Labarin da kika ji mai yiwuwa na Florida State ne a 2023. Ta ci wasa 13 cikin 13, ta zama zakarar ACC. Amma a Nuwamba mai jefa mata ƙwallo kuma jagoran harinta, Jordan Travis, ya karye a ƙafa. Kwamiti ya ce ba ita ce ƙungiyar da take a da ba, ya sa Alabama wadda aka ci sau ɗaya a gurbin. A ganinmu wannan zalunci ne. Yara sun yi duk abin da aka nema a fili, sannan aka hukunta su kan hasashen abin da zai faru.

Daga 2024 gurabe sun zama 12. A kakar 2024 da ta 2025 an ware biyar ga zakarun rukunai biyar da suka fi matsayi a jerin kwamiti, sauran bakwai kuma ga waɗanda suka fi matsayi cikin ragowar. Huɗun farko suna hutun zagayen farko. Ta 5 ta karɓi ta 12 a gidanta, ta 6 ta karɓi ta 11, ta 7 da ta 10, ta 8 da ta 9.

Faɗaɗawar ba ta kashe gardama ba, ƙasa ta turo ta. A 2025 Notre Dame da Miami kowace ta ci 10 an ci ta 2. Makonni ana jera Notre Dame a sama, sai a jerin ƙarshe aka juya, Miami ta samu gurbi aka bar Notre Dame a waje, alhali babu wadda ta buga wasa a wannan makon. Hujjar kwamiti ita ce Miami ta ci Notre Dame 27 da 24 a farkon kaka. Hujjar tana da ƙarfi, sai dai tun watan Agusta take nan, me ya hana a yi aiki da ita tun jerin farko? Miami ɗin ta je har wasan ƙarshe, inda Indiana ta ci ta 27 da 21.

Tambaya: Na lura waɗanda aka ba hutun zagayen farko su ake fara korawa. Hutun lada ne ko horo? (Mai karatu daga Kumasi)

Amsa: Lurarka daidai ce, Malam. A kakar 2024 duka huɗun da suka huta, wato Oregon, Georgia, Boise State da Arizona State, sun faɗi a wasansu na farko. A 2025 uku suka faɗi, Indiana kaɗai ta tsallake. Bakwai cikin takwas ke nan. Amma dalilan ba ɗaya ba ne, kuma ya kamata a rarrabe su.

Na farko kuskuren tsari ne, an kuma gyara shi. A 2024 dokar ta ce zakarun rukuni kaɗai za su huta. Sai Boise State da ke ta 9 a jerin kwamiti ta zama ta 3, Arizona State da ke ta 12 ta zama ta 4. Wannan ya turo ƙungiyoyi masu ƙarfi ƙasa. Ohio State, wadda kwamiti ya ɗauka ta 6, ta koma ta 8, ta faɗo kan hanyar Oregon, wadda ita ce ta ɗaya kuma ba a ci ta ba ko sau ɗaya. Ladan Oregon na kaka guda cur shi ne haɗuwa da ƙungiyar da ƙarshe ta ɗauki kofin. Daga 2025 aka koma bin jerin kwamiti kai tsaye, huɗun sama su huta ko zakaru ne ko ba zakaru ba.

Na biyu tsawon hutun ne, kuma wannan yana nan. Oregon ta buga wasa ranar 7 ga Disamba, ba ta sake shiga fili ba sai 1 ga Janairu. Ohio State kuwa ta buga da Tennessee a tsakani, ta ci 42 da 17. Da suka haɗu, kafin a tafi hutun rabin lokaci Ohio State ta kai 34 da nema, aka tashi 41 da 21. Wannan wasa ne na daidaita lokaci: mai jefa ƙwallo yana sakinta kafin mai kamawa ya juyo, masu tsaron gabansa su biyar dole su motsa tare. A atisaye kociyoyi ba sa barin 'yan wasa su yi karo da ƙarfinsu duka don gudun rauni, saboda haka sati uku ba wasa yana dusashe kaifin ƙungiya, kuma kafin ta dawo hayyacinta an yi mata nisa.

Na uku shi ne wanda muka fi damuwa da shi: wurin wasa. Ta 5 zuwa ta 8 suna samun wasa a gidansu, gaban ɗalibansu, cikin sanyin Disamba da suka saba da shi, ga hayaniyar da ke hana baƙi jin umarnin jagoransu. Ta 1 zuwa ta 4 kuwa ba sa buga ko wasa ɗaya a gida. Kwata-fainal ɗinsu a filayen 'yan-ba-ruwanmu ake yi, a Kalifoniya ko New Orleans ko Atlanta da sauransu. Magoya bayan da ke son raka ƙungiya har ƙarshe sai sun biya jirgi da otal sau uku cikin sati uku. Ta yaya ta 8 za ta samu abin da ta ɗaya ba ta samu ba?

Duk da haka a yi hattara da ƙididdigar. Wasa takwas ba su da yawa, kuma Georgia ta shiga nata na 2024 ba tare da babban mai jefa mata ƙwallo ba saboda rauni.

Tambaya: Mene ne amfanin wasannin Bowl yanzu? (Mai karatu daga Jos)

Amsa: Bowl wasanni ne na ƙarshen kaka da ake bugawa a filayen 'yan-ba-ruwanmu. Shida daga cikinsu, Rose, Sugar, Orange, Cotton, Fiesta da Peach, su ke karɓar kwata-fainal da wasannin kusa da ƙarshe bi da bi. Rose Bowl ne mafi tsufa, tun 1902. Sauran, wajen talatin da wani abu, wasa ɗaya ne na sallama ga ƙungiyar da ta ci aƙalla wasa 6. Darajarsu ta ragu, domin manyan 'yan wasa kan ƙi bugawa don kare jikinsu kafin zaɓen shiga gasar ƙwararru ta NFL, wasu kuma sun riga sun nemi canjin jami'a. Kafin ka ɗauki sakamakon Bowl da muhimmanci, duba su wa suka buga.

Tambaya: Ana ta maganar a ƙara zuwa 16, wasu ma na cewa 24. Ku wanne kuke goyon baya? (Mai karatu daga Katsina)

Amsa: Bari mu fara da abin da ke kan teburin shawara, Malam. Tsari ɗaya na 16 ya ce zakaru biyar da zaɓaɓɓu 11. Ɗayan, wanda Big Ten ta tura gaba, ya ce a ware gurbi huɗu ga Big Ten, huɗu ga SEC, biyu-biyu ga ACC da Big 12, ɗaya ga ƙananan rukunai, uku a bar wa kwamiti. Daga baya maganar 24 ta taso. Kuɗi na cikin lamarin: kwantiragin nuna wasannin na tashar talabijin ta ESPN ya kai dala biliyan 7.8 na shekara shida, kuma Big Ten da SEC su ke da kaso mafi tsoka da murya mafi ƙarfi kan tsari.

Ba ma goyon bayan raba gurabe tun kafin a buga ƙwallo. Masu ra'ayin suna da hujja: zai rage ikon kwamiti, ya kuma sa ƙungiya ta daina tsoron gayyatar babbar abokiyar karawa daga waje. Amma rukuni yana ƙarfi bana ya yi rauni baɗi. Idan ta huɗu a Big Ten tana da tabbacin shiga yayin da ta uku a Big 12 ba ta da shi ko da ta fi ta, an mayar da rinjayen kuɗi doka.

Batun 24 kuwa illarsa a kan Asabar ɗin Oktoba da Nuwamba za ta faɗo. Ƙungiyoyin da ke tsakanin ta 20 da ta 25 yawanci an ci su sau uku ko huɗu. Abin da ke cika filin Michigan mai ɗaukar mutum sama da 107,000 shi ne sanin cewa faɗuwa ɗaya tana da tsada. Ko a tsarin 12 farashin ya sauka: Michigan ta ci Ohio State 13 da 10 a ƙarshen Nuwamban 2024, abin da a zamanin gurabe huɗu zai rufe wa Ohio State ƙofa, amma ta shiga ta ci wasa huɗu a jere ta ɗau kofi. Wannan mun yarda da shi, domin a fili ta wanke kanta. Sai dai akwai iyaka. Ga jikin yaran kuma: wasa 16 Ohio State ta buga a wannan kaka, 16 Indiana ta buga a ta gaba, alhali kakar NFL kafin sili-ɗaya-ƙwale wasa 17 ce.

Gurbin ƙananan rukunai ya kamata ya tsaya. Ana kafa hujja da yadda Ole Miss ta SEC ta ci Tulane ta ƙaramin rukunin American 41 da 10, amma Indiana ta ci Alabama ta SEC 38 da 3, Oregon ta ci Texas Tech ta Big 12 23 da nema, ba wanda ya ce a kori rukunansu.

Namu ra'ayin a zauna a 12, a gyara abu uku. A kai kwata-fainal gidajen huɗun sama, a bar wa filayen Bowl wasannin kusa da ƙarshe. A fara zagayen farko sati ɗaya bayan wasannin zakarun rukuni, yadda hutun huɗun sama ba zai wuce sati biyu ba. Sannan kowace ƙungiya a manyan rukunai ta buga wasa 9 a rukuninta da aƙalla ɗaya da babbar ƙungiya daga waje, domin kwamiti ya samu sakamakon fili da zai gwada rukunai da shi maimakon zato.