Amsa: Wayar da aka aiko daga Amurka ta ƙi karɓar layin MTN

Ɗan'uwa, ka ce yayanka ya aiko maka da waya daga Amurka, ka sa layin MTN da na Airtel duk ta ƙi, kana tambaya ko masu gyara na kasuwar Wunti a Bauchi za su iya buɗe ta. Kada ka yi saurin kai musu tukuna.

A can, kamfanin layi yakan ba mutum waya bashi, yana biya wata-wata, sai ya kulle ta a kan layinsa har a gama biya. Makullin yana hannun kamfanin. Danna *#06#, lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, za ta fito, ka tura wa yayan naka ya nemi kamfanin ya buɗe. Idan an biya kuɗin duka, galibi kyauta ne. Amma idan da sauran bashi, ko an taɓa kai rahoton sata a kanta, to akwai aiki. Na ga wanda ya biya mai gyara ya saka ɗan faifai a bayan layi, ta yi wata biyu, da ya sabunta manhaja ta sake rufewa.

Daga Ingila da sauƙi, tun Disamba 2021 aka hana kamfanoni sayar da waya a kulle.

Ni da kuɗin buɗewa zai yi yawa, gara in sayi Tecno ko itel a nan Bauchi, layi biyu, ba kulle. Sai dai in ta biya-kaɗan-kaɗan ce, karanta takardar da kyau, don ranar da ka makara biya daga nesa za su rufe maka ita.