Me ya sa jiragen Lukla ba sa sauka sai da safe?

Tambaya: Malam, ina shirin zuwa Lukla a ƙasar Nefal. An ce jirage da safe kawai suke sauka, ana yawan soke tafiya, kaya ma an ƙayyade. Mene ne dalili?

Amsa: Filin jirgin Tenzing-Hillary na Lukla, garin da masu zuwa dutsen Everest ke sauka, yana kusan mita 2,845 sama da teku, titinsa kuwa mita 527 ne kacal, kuma a gangare yake, kusan kashi 12 cikin 100. Jirgi yana sauka ne yana hawa tudu, tudun ya taya birki aiki. In zai tashi sai ya juyo ya gangara, ƙarshen titin ya sake shi cikin kwari. Gaban mai sauka dutse ne, saboda haka da zarar matuƙi ya matso ƙasa, babu batun fasawa a sake zagayowa.

Iskar wannan tsauni ba ta da kauri, ta gaza ta bakin teku da wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Fukafukai ba sa samun abin dogara sosai, inji ma ƙarfinsa na raguwa, sai jirgi ya buƙaci gudu mai tsawo a titin da ba shi da tsawo. Rana na ɗagawa zafi ya ƙara sirantar da iskar. Kafin azahar kuma iskar kwari ta taso tana buga jirgi ta baya ko ta gefe, gajimare ya rufe duwatsu. Ga shi da ido matuƙi ke sauka a nan, ba da na'ura ba. In ba ya ganin titi, tafiya ta fasu, kuma hakan shi ne daidai, kada ka ji haushin kowa.

Maganar kaya ma daga nan ta samo asali. Ƙananan jirage irin Twin Otter da Dornier 228 kujerunsu ba su wuce 19 ba, kowane kilo ana lissafa shi. Galibi kilo 10 ake ba fasinja, da 5 na jakar hannu.

Ka nemi jirgin farko na safiya, ka bar kwana biyu a hannu kafin jirginka na komawa gida. Damina, daga Yuni zuwa Satumba, ita ce mafi wahala. Lokacin cunkoson masu hawa Everest kuwa, yawancin jiragen Lukla daga filin jirgin Ramechhap suke tashi, tafiyar awa huɗu zuwa biyar a mota daga Katmandu, babban birnin Nefal, don haka ka tambayi kamfanin tun kafin ka biya.